Kafin Ka Sauya Layi

Bagudo,
Jihar Kebbi.

Ɗana,

Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da abokan aikinka. Mu nan sai godiyar Allah. An gama yankan shinkafar damina, masu noman rani sun fara kai injuna fadama, hunturu kuma ya soma leƙowa da asuba. Ƙafar Babanka ta yi sauƙi, yanzu da kansa yake zuwa masallacin Juma'a, sai dai an hana shi hawa keke, shi kuwa bai hanu ba.

Saƙon muryar da ka aiko wa ƙanenka ya kunna mini na saurara. Kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi. Na ji ka ce tun da albashi ya fara shigowa wayarka ba ta huta ba: wannan matarsa ta haihu, wancan injin ban-ruwansa ya ƙone, wani ma sai an yi maka dogon bayani kafin ka gane ta inda kuka haɗa kaka. Na ji ka ce kafin ashirin ga wata aljihunka ya bushe, har kana shawarar sauya layi. Ban ji haushi ba, don na san wannan gajiya tun ba a haife ka ba. Amma maganar ta fi ƙarfin waya, kati zai ƙare ba mu kai ko'ina ba, shi ya sa na nemi biro.

Kai ne ka karanta tattalin arziki a Sakkwato, ni kuwa tsohon malamin firamare ne, to amma yau bari in ba ka labarin wani farfesa na fanninku. Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a jami'a ya kawo mini rubuce-rubucensa, ya ce in karanta zan ga gidanmu a ciki. Na karanta, na kuwa gani.

Sunansa Leonard Wantchekon, mutumin Jamhuriyar Benin ne, maƙwabtan nan namu na bayan Tsamiya da Lolo. An haife shi a 1956 a Zagnanado, can wajen kudu, iyayensa manoma. Ya shiga jami'ar ƙasarsu yana karanta lissafi a zamanin Mathieu Kereku, sojan da ya ƙwace mulki a 1972, ya ce ƙasar ta koma tafarkin gurguzu, ya kuma sauya mata suna daga Dahome zuwa Benin a 1975. Wantchekon yana cikin ɗaliban da suka dage sai an sakar wa jama'a mara. Aka kore shi daga jami'a, ya yi shekaru yana ɓuya, da aka ɗan yi sassauci ya dawo, a 1985 kuma aka damƙe shi. Mu na bakin iyaka mun san wancan zamani. Kurkukun Segbana, nan kusa da Tsamiya, ya yi suna wajen tsare 'yan siyasa da ɗalibai da malaman makaranta, masu zuwa cin kasuwa can sukan dawo da labarinsa ƙasa-ƙasa. Shi ma a arewacin ƙasar aka tsare shi, wata 18. A Disamban 1986 ya nemi a bar shi ya je ganin likita saboda ciwon gaɓoɓi, ya fita, bai koma ba. Babur ne ya tsallakar da shi zuwa Najeriya. Ka ga ashe ba fetur da shinkafa kaɗai 'yan acaɓar iyaka ke tsallakarwa ba, sun taɓa ɗauko farfesa.

Daga baya ya sami mafaka a Kanada, ya sake zama ɗalibi a Jami'ar Laval da ta British Columbia, sannan ya wuce Amurka ya yi digirin digirgir a fannin tattalin arziki a Jami'ar Northwestern. Ya gama a 1995, yana da shekara 39, a hannun Roger Myerson, wanda ya zo ya sami kyautar Nobel a 2007. Ka riƙe shekarun nan 39, kai da kake ganin ka makara don ba ka kai talatin da gidan kanka ba. Ya koyar a Yale, ya koma Jami'ar New York a 2001, tun 2011 kuma yana Princeton. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi zamansa can ya manta da gida ba. A 2004 ya kafa cibiyar bincike a Kwatano, a 2014 kuma ya buɗe makarantar horar da masana tattalin arziki ta Afirka a Abomey-Calavi, wato garin da jami'ar da ta kore shi take.

Aikinsa da ya sa na rubuto maka ya fito a 2015 a mujallar Quarterly Journal of Economics, shi da wasu abokan aiki biyu, Marko Klasnja da Natalija Novta. Tambayar mai sauƙin faɗa ce: in an sa yaro ɗaya a makaranta, su wa ke cin moriya, kuma har zuwa yaushe? Wahalarta ka fi ni sani. A yau mai hali ne ke kai ɗansa makaranta mai kyau, to in yaron ya yi arziki ba ka iya rantsuwa ko karatun ne ko dukiyar uban. Sai Wantchekon ya koma baya can, lokacin da aka buɗe makarantun farko a wasu yankunan ƙasarsu, lokacin da Turawan Faransa da 'yan mishan ba su san ƙasar ba balle su zaɓi garin da ya fi albarka, iyaye kuma ba mai rububin ba da ɗansa. A irin wannan hali yaron da ya shiga aji da wanda ya tsira daga shiga duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ya ɗauki wurare huɗu: garinsu Zagnanado, inda 'yan Katolika suka buɗe makaranta a 1895, da Save, da Natitingu, da Kandi, wadda aka buɗe tata kafin Yaƙin Duniya na Farko. I, Kandin da ka sani, inda dangin Innarka suke. Kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar Borgu a yarjejeniyarsu ta 1898, Nikki ta faɗa can, Busa da Illo suka faɗo nan, fataken goro da ke zuwa Gwanja ta wannan yanki suke ratsawa ba mai tambayarsu takarda.

Suka bi tsofaffin rajistocin makaranta da takardun zamanin mulkin mallaka, suka zauna da dattawa da 'ya'ya da jikoki, har suka haɗa sunayen ɗaliban farko. Sannan suka nemo tsararrakinsu na gari ɗaya da ba su shiga makaranta ba, da tsararrakinsu na wasu ƙauyuka da ba a kai wa makaranta ba sam. Suka bi kowa da zuriyarsa: me ya yi na sana'a, wane irin gida ya zauna, ina 'ya'yansa suka tsaya a karatu.

Kashi na farko na abin da suka gano ba zai ba kowa mamaki ba. Waɗanda suka yi karatun sun fi samun rufin asiri, sun fi barin noma zuwa wasu ayyuka, sun fi shiga harkar siyasa, 'ya'yansu ma haka. Na biyun ne ya sa na gyara zama. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, amma garinsu akwai makaranta, 'ya'yansa sun fi 'ya'yan takwaransa na ƙauyen da babu makaranta ci gaba. Wato ko ganin ɗan maƙwabci ya dawo da farar riga yana karanta wa mai gari takarda ya isa ya sa uba ya ce nawa ma sai ya je. Na uku kuwa kai ne da ni. 'Ya'yan 'yan'uwan wanda ya yi karatu, maza da mata, sun sami ilimi fiye da sauran yaran gari, saboda baffa ko kawu mai albashi yana ɗiba daga nasa yana kai musu. Masu binciken suka kira wannan harajin dangi.

To ga shi, abin da ke hana ka barci har suna gare shi a littattafan fanninku, kuma an auna shi an ga yana aiki. Kuɗin da ke fita daga aljihun mai albashi zuwa gidajen 'yan'uwa ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa yara masu karatu. Sai dai akwai abin da nake ganin lissafin nasu bai kamo ba, don sun fara ƙirga ne daga ranar da baffa ya soma bayarwa. Ni kuwa na san abin da ya gabaci wannan rana.

A farkon shekarun 1960 aka aiko daga wurin hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yara a kai boko. Kakanka ya kwana yana juyi. Babanka a lokacin ya fara riƙe fartanya sosai, ya iya tuƙa kwalekwale, shi ne ƙarfin gidan. Da asuba aka tura shi tsallaken kogi wurin masu kiwo, aka ce kada ya dawo sai an aika. Ni kuwa ga ni ramamme, kullum cikin mura, ko kunya ɗaya ba na kaiwa ƙarshe sai na zauna. Da dogari ya zo, Kakanka ya nuna ni ya ce, ga wannan. Kakarka ta yi kuka har muryarta ta dishe. Babu wanda ya zaɓe ni don ƙwaƙwalwa, Babanka ya fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba, har gobe lissafin buhunan da zan nemi takarda shi da ka yake yinsa. An ba da ni ne don ni ne wanda gona ba za ta yi kewarsa ba.

Duk shekarun da na yi a firamare da kwalejin horon malamai, wa kake tsammani ya noma rabona? Wa ya sayar da akuyarsa aka saya mini akwatin ƙarfe da takalmi? Yakan zo mini ziyara da busasshen kifi a ƙunshe cikin takardar siminti, da ƙuli-ƙuli, da 'yan sulalla a ɗaure a bakin zani, ya tsaya daga bakin ƙofar makaranta ba ya shiga, wai kada ya ba ni kunya da kayan gona. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na bai-ɗaya a 1976 aka shiga neman malamai ido rufe, na sami aiki, na fara ɗaukar albashi. Ranar da na karɓe ka daga hannunsa na sa ka aji ɗaya, mutane suna ta cewa Malam ya kyauta, ya ɗauki ɗan wansa. Ni na san biyan bashi nake yi, kuma har yau ban gama ba. Saboda haka in ka zauna lissafin abin da dangi ke ci daga albashinka, ka fara daga akuyar nan.

Ba zan ɓoye maka nauyin abin ba. A bayan littafin shirya darasina nake rubuta sunaye duk ƙarshen wata, kowa da abin da zai samu a gabansa: kuɗin jarrabawar wane, maganin wance, buhun gero na gidan Gwaggonka. In na ja layi na haɗa, sau da yawa jimlar ta wuce albashin, sai in koma sama in fara ragewa, kuma sunan da ya fi saurin shan ragi shi ne na gidana. Abokan aikina da ba su da wannan jidali sun yi rufin kwano tun ina cikin jinka. Wadda ta fi kowa biya kuwa ba ta cikin kowace rajista. Innarka ce ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta tuƙa tuwon yaran da ba ita ta haifa ba, ta ƙirga malmala ta ga ba ta kai ba ta ce ita ta ƙoshi. Kuɗin adashinta da na man gyaɗar da take matsewa sun sayi inifom ɗin yara da yawa, har da naka. In wani masani zai sake irin wannan bincike a ƙasarmu, ina ba shi shawara ya shiga cikin gida ya tambayi matan malamai.

Akwai kuma inda za ka iya kama ni, gara in riga ka faɗa. Ɗaliban farko na Kandi da Zagnanado sun fito a lokacin da mai karatu ya yi ƙaranci, Bature na neman akawu da tafinta da malami, aiki na jiransu tun ba su gama ba. Yau je ka tashar Tsamiya ka ƙirga masu digiri da difloma da ke kan babur suna jiran fasinja. Uban da ya ga haka in ya ce ɗansa ya bi shi fadama, ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi. Kuma makarantar da Wantchekon ya auna makaranta ce da ake koyarwa a cikinta. Ginin da ke da allo ba malami, ko malamin da shi kansa bai iya abin da zai koyar ba, ba zai haifar da abin da aka gani a Kandi ba ko da an shekara ɗari ana jira. Duk da haka ban canza ra'ayi ba. Yanzu komai na rayuwa ya koma rubutu: lambar shaidar ɗan ƙasa, asusun banki, saƙon kuɗi a waya, awon maganin feshi, takardar asibiti. Gidan da ba mai karatu a cikinsa kullum a hannun wani yake, kuma ba kowane wani ne mai tsoron Allah ba.

Ka kuma sani ba lalaci ne ya sa kiran ya yi yawa ba. Kai kana birni lokacin da abubuwa suka yi ta faɗo mana ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, kowa ya zuba ƙarfinsa a fadama. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, bayan 'yan watanni aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya sa hannu a wannan doka yana tunanin 'yan fasa-ƙwauri ne, bai tuna da mai injin ban-ruwa a Lolo ba, wanda shi ma a cikin kilomita 20 ɗin yake. Damina ta 2020 kogi ya cika ya shanye gonaki, mutane suka tsaya a kan gadar Tuga suna kallon ruwa inda jiya shinkafa take. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, sefa ta yi tsada, har ta kai mutanen tsallake ne ke zuwa da kuɗinsu su kwashi hatsinmu da arha. A Yulin shekarar sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, harkar da dubban mutane ke ci daga gare ta ta rikice. Ga kuma rashin tsaro da ya sa wasu gonakin nesa sai dai a hange su. Mutumin da ya kira ka yana kame-kame, yawanci sai da ya sayar da abin sayarwa kafin ya nemi lambarka.

Wantchekon yana da wani aiki da ya yi da Piero Stanig wanda ya taɓa wannan wuri. Sun haɗa taswirar kyawun ƙasar noma da ta talauci a Afirka, suka ga abin da ya saɓa wa tsammani: sau da yawa inda ƙasa ta fi albarka nan talauci ya fi katutu, matuƙar babu hanyar mota. Ni ban buƙaci taswira ba. Na ga albasa ta ruɓe a bakin gona don mota ba ta iya shiga, na ga dillali ya sa farashin da ya ga dama don ya san ba mai iya fitar da kayan sai shi. Na kuma lura, a shekarun da na yi ina kiran suna a aji, ƙauyukan da suka fi kyawun fadama su ne benci ke zama wayam da zarar an fara dashe.

Duk wannan aikin hukuma ne, dangi ke yinsa da guntun albashi. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Gwamnatin Buhari ta riƙa ba gidaje marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, wani ɓangare daga kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. Ta Tinubu ta yi shelar naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Ban raina ba, wanda ya samu ya ji daɗi. Amma wata uku ba ta raina yaro. A tsallake, Boni Yayi ya soke kuɗin makarantar firamare a 2006, gwamnatin Patrice Talon kuma a 2017 ta faɗaɗa ciyar da yara a makarantu tare da Hukumar Abinci ta Duniya. Ba ina cewa sun tsira ba ne, jihar Alibori da ke jikinmu tana cikin na baya a ƙasarsu wajen sa yara makaranta. Sai dai kwanon abinci da yaro ya tabbata zai samu kowace rana ya fi riƙe shi a aji bisa kuɗin da za a raba sau ɗaya a gaban 'yan jarida. Ku da kuke kusa da masu tsara kasafi, in an ba ku dama ku faɗa.

Yanzu ga shawarata, ka ɗauki wadda ta yi maka. Kada ka sauya layi. Wanda ya ɓace wa dangi ranar da yake da shi, ranar da ya rasa zai waiwaya bai ga kowa ba, aikin albashi kuwa ba gadon gidanku ba ne. Wani farfesan, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana bin yadda gidaje wajen 200 ke ba juna rance. Ya tarar kusan duk tsakanin waɗanda suka san juna ake yi, ba takarda, ba jingina. In wanda ya ci bashin ya gamu da asara, ambaliya ko ciwo, sai a sassauta masa. In mai bayarwar ne ya shiga matsi, sai a biya shi da wuri har da ƙari. Ka ga ashe inshora ce muke yi wa juna ba tare da ofis ba, kuma kai ma kana cikin waɗanda take rufa wa asiri, ko da yake yanzu kai ne a gefen biya.

Amma bayarwa ba tsari ita ce ke kashe mai bayarwa. Ka zauna da maiɗakinka, ita ma da haƙƙinta a ciki, ku yanke abin da za ku iya fitarwa duk wata ba tare da kun ci bashi ba. Abin nan ya bi ta ƙofa ɗaya. Ka bar ni da Babanka mu zama ƙofar, duk wanda ya kira ka ce ya je ya ga Baffa. Ni tsoho ne, in na ce babu ba mai zagina a gabana, kuma na san wanda injinsa ya ƙone da gaske da wanda ke son ƙara aure. Kuɗin makaranta da na asibiti su ne gaba. Taki da iri in damina ta ƙarato, wannan ma rance ne, a maido bayan girbi a ba wani. Anko da kayan gara da ragon suna na gasa kuwa, ka ce Allah ya sanya alheri, ka tsaya nan. Za a yi maka gutsiri-tsoma wata biyu, daga nan a saba.

Akwai magana ɗaya da ba ta jiran wannan tsari. 'Yar Gwaggonka ta Illo, ƙaramar, ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu a lissafi. Na ga takardunta da idona. Uban ya fara sauraron masu zuwa gaisuwa, ba don mugunta ba, bakuna sun yi masa yawa. Na je na same shi, ya ce in akwai mai ɗaukar nauyinta har ta gama babbar sakandare shi ba ya ja. Uwar kuwa tun ban rufe baki ba ta ce a bar mata 'yarta ta yi karatu. Wannan ya tuna mini da gwajin da Wantchekon ya yi a zaɓen shugaban ƙasar Benin na 2001, inda ya shawo kan 'yan takara na gaske suka yi kamfe iri biyu a ƙauyuka daban-daban: a wasu a yi alkawarin aiki da alfarma ga 'yan gari, a wasu a yi maganar ilimi da lafiya na ƙasa baki ɗaya. Alkawarin alfarma ya fi kawo ƙuri'a, abin takaici, amma mata sun fi maza karkata ga maganar amfanin kowa. Ban yi mamaki ba, su ke kwana da yaro mai zazzaɓi.

Abin da ake buƙata shi ne inifom, littattafai, kuɗin abinci da na mota kowane zango, sai kuɗin jarrabawar fita in lokaci ya yi. Za ta zauna nan gidana, Innarka ta riga ta share mata ɗaki, ta ce ita ba ta gaji ba tukuna. Ni zan ɗauki ci da sha daga fanshona in ya shigo. Kai ka ɗauki na makaranta. Na sa ƙanenka ya rubuta jimlar zango ɗaya zai turo maka ta waya, ka duba, in ya yi maka nauyi ka faɗa mini gaskiya mu nemi ɗan Kawunka na Kano ya kama wani gefe. Ina son amsarka kafin a dawo daga hutu, don in je Illo in ɗauko ta tun uban bai sake shawara ba.

Babanka bai san na rubuto maka ba, kuma kada ka gaya masa na ba ka labarin akuya, zai ce na cika surutu. Innarka tana gaishe ka, ta ce a gaya wa maiɗakinka akwai shinkafa 'yar gida da busasshen kifi da ta ajiye muku, sai an sami mai zuwa. In za ku zo da Sallah ku taso da sassafe, kada dare ya yi muku a hanya. Ka gaishe da maƙwabtanka.

Wassalam.

Naka,
Baffanka.